Ƙera Kwatancin Mota a Ƙaramin Awo: Misalin Dodge Charger ta 1969

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara. Bayan an yi girbi yara kan ɓare karan dawa, su yayyanka ɓargon, su sossoke shi da tsinken bawon, su tayar da mota har da bodi da ƙafafu. Waɗanda suka ɗan tasa sukan koma ga langa-langa da gwangwani da tsohon silifa. Ba mai tsayar da yaro ya tambaye shi motar tasa ƙirar wane kamfani ce, ko ta wace shekara, ko tsawonta ya dace da faɗinta. In dai ta yi kama da mota, ta kuma gangara in an ja ta, to buƙata ta biya.

Makasudin wannan maƙala shi ne bayyana wata sana'ar hannu dangin wannan, wadda ta bunƙasa a Amurka tun daga shekarun 1950, wadda kuma waɗannan tambayoyi da ba a yi wa yaro su ne ginshiƙinta. Ana sayen kwali mai ɗauke da gutsattsarin roba, a harhaɗa su, a yi musu fenti, a ƙara musu abin da kamfani ya bari, har a sami 'yar mota wadda tsawonta bai fi taƙi ɗaya ba, amma kowace gaɓa tata ta yi daidai da ta wata mota takamaimiya. Za mu ɗauki mota guda, watau Dodge Charger R/T ta shekarar 1969, mu bi ta daga kwali zuwa kanta, domin mu ga abin da kalmar "daidai" take nufi a wannan aiki. Mai karatu zai tarar cewa ma'anarta ta kasu uku: akwai daidai na awo, akwai daidai na tarihi, akwai kuma daidai na ido, kuma sau da yawa ɗaya yakan ƙi jinin ɗaya.

Sai mu fara da sunaye, tun da yake abin baƙo ne a harshenmu. Kalmar "samfur" ba ta gamsar ba, domin samfur ɗanɗano ne na kayan da za a saya. "Abin wasa" kuwa ta rage masa daraja, don ba a wasa da shi. A nan mun zaɓi "kwatanci", wanda ya yi shi kuma mu kira shi "mai haɗi". Irin motar kuwa, sunan da Amurkawa suka laƙaba mata ma'anarsa "mota mai ƙwanji", kuma da haka za mu kira ta.

Motar da ake kwatantawa

Mota mai ƙwanji ita ce mota matsakaiciya mai ƙofa biyu wadda aka cusa wa injin babbar mota, aka kuma sayar da ita a kan kuɗin da matashi mai aikin albashi zai iya biya. Galibin masu tarihin motoci sukan fara lissafi daga Pontiac GTO ta 1964. A lokacin kamfanin General Motors yana da doka ta cikin gida wadda ta ƙayyade girman injin da za a sa wa matsakaitan motoci, sai John DeLorean da abokan aikinsa suka zagaye ta, suka mai da babban injin wani zaɓi da mai saye zai nema a kan motar Tempest. Aka sayar da fiye da 32,000 a shekarar farko, sauran kamfanoni suka bi sahu. Zamanin bai daɗe ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora ga matasa, da kuma ƙarancin man fetur na 1973, su suka taru suka kashe kasuwar.

Charger ta 1969 ta faɗo a tsakiyar wannan zamani. Ƙirar R/T tana zuwa da inji mai silinda 8 wanda ake kira 440 Magnum, mai ƙarfin doki 375. Wanda ya ƙara kuɗi yana iya samun 426 Hemi, mai ƙarfin doki 425 bisa lissafin kamfani. Waɗannan lambobi, 440 da 426, girman cikin silindojin ne da awon Amurka, watau kimanin lita 7.2 da lita 7. Don mai karatu ya auna, injin Fijo 504 da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bai wuce kimanin lita 2 ba. Sunan Hemi kuwa ya samo asali ne daga siffar ɗakin da mai yake ƙonewa a kan kowace silinda, wanda ya yi kama da ƙoƙo a kife.

Dalilin da ya sa ake samun kwatancin irin waɗannan motoci tun suna sababbi shi ne talla. Kamfanin AMT, wanda aka kafa a jihar Michigan a 1948, ya fara ne da yi wa dillalan motoci ƙananan kwatance da za su nuna wa masu saye launi da ƙira, su kuma ba 'ya'yansu kyauta. Saboda haka kamfanonin motoci kan ba masu wannan sana'a zanen sabuwar mota tun kafin ta fito kasuwa. A 1958 AMT ya soma sayar da su a wargaje cikin kwali, da ƙarin gaɓoɓi yadda yaro zai iya haɗa motar kamar yadda ta fito daga masana'anta, ko ya yi mata kwalliya, ko ya mai da ita ta tsere. MPC, wanda wani tsohon ma'aikacin AMT mai suna George Toteff ya kafa a 1963, shi ya riƙa fitar da motocin Dodge, har da Charger. Daga baya Revell ya fito da tasa Charger ta 1969 da sabon mazubi mai gaɓoɓi da yawa. Sunayen AMT da MPC a yau suna hannun kamfanin Round 2 na jihar Indiana, wanda yake sake zuba roba a tsofaffin mazuban.

Daidai na awo

Awon da ya fi yawa a kwalayen Amurka shi ne ɗaya bisa 25, watau a raba kowane tsawo na motar gaske gida 25 a ɗauki ɗaya. Tsawon Charger kimanin santimita 528 ne, saboda haka kwatancinta santimita 21 ne da ɗan ɗoriya. Tazarar da ke tsakanin ƙafar gaba da ta baya inci 117 ce, ta koma santimita 12 ba kaɗan. Akwai kuma awon ɗaya bisa 24, wanda Monogram da kamfanonin Japan da na Turai suka fi bi, domin shi ne rabin inci a madadin ƙafa ɗaya. Bambancin kashi 4 ne kawai cikin ɗari, amma a tsawon Charger ya kai kusan milimita 9, kuma ya isa ya hana injin wannan kwali zama da kyau a cikin bodin wancan.

Har zuwa nan lissafi ne mai sauƙi. Matsala takan taso ne in aka zo ga kauri. Ƙarfen jikin mota bai fi kaurin milimita ɗaya ba. In aka raba shi gida 25 sai ya fi takardar rubutu sirantaka, kuma ba robar da za a zuba haka ta tsaya. Saboda haka bodin kwatanci yakan kai kaurin milimita ɗaya ko fiye, wanda in aka mayar da shi girman gaske daidai yake da a ce an yi motar da ƙarfe mai kaurin inci guda. Haka abin yake ga gilashi, da sitiyari, da fanka, da bel. Kamfani ya yi musu kauri don dole, mai haɗi kuma aikinsa shi ne ya ɓoye wannan kauri a duk inda ido zai kama shi. Yakan kankare bakin mazaunin taya daga ciki har gefen ya yi siriri, ya goge fikafikan fanka da samfefa, wani ma ya jefar da gilashin kwali ya yanka nasa daga siririyar roba mai garai-garai.

Abin da ake fara yi da bodi shi ne wanki da ruwan sabulu, don a cire maiƙon da ya rage daga mazubi. Sa'an nan a nemi layukan da mazubi ya bari a inda ɓangarorinsa suka haɗu. Waɗannan siraran tudu ne da sukan bi saman mazaunin taya da ginshiƙin rufi, kuma babu su a motar gaske, don haka sai a goge. Amma a Charger wajibi ne a yi hattara, domin kyan ƙirarta yana ga kaifin layukan gefenta, da lotsawa biyu da aka yi wa kowace ƙofa, da yadda gilashin baya ya nutse tsakanin fikafikan rufi. Hannu mai nauyi yana iya shafe layin mai zane tare da layin mazubi. Bayan wannan sai a bi tsagar ƙofofi da ta but da bayan wuƙa a zurfafa su, don kada fenti ya cike su. Ratar ƙofar mota ta gaske 'yan milimitoci ce, a kwatanci kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba.

Daidai na tarihi

A nan ne aikin ya fi kama da na mai nazari, kuma a nan ne muke so mu daɗe. Kafin mai haɗi ya buɗe gwangwanin fenti sai ya yanke shawarar wace Charger yake nufi, domin tsakanin 1968 da 1970 bodin kusan ɗaya ne, amma kowace shekara da alamominta. Ta 1968 fitilun bayanta zagayayyu ne, bakinta kuma a haɗe yake. Ta 1969 an raba bakin biyu da wani ginshiƙi a tsakiya, fitilun baya suka zama dogaye, ƙananan alamomin gefe kuma suka zama masu kusurwa huɗu waɗanda ba sa kamawa, sai dai su mayar da hasken da ya dalle su. Ta 1970 an kewaye bakinta duka da bamba. A cikin mota, makunnin ta 1969 yana jikin allon gaba ne, sai a 1970 ya koma jikin sandar sitiyari. Sanannen marikin giyan nan mai siffar gindin bindiga shi ma na 1970 ne, ko da yake sau da yawa akan gan shi a kwatancin ta 1969, don kawai yana da ban sha'awa. Har cikin shekara guda ma akwai bambanci. Dokar Amurka ta wajabta matashin kai a kujerun gaba daga ranar 1 ga Janairu 1969, alhali motocin "shekarar 1969" an fara ƙera su tun kakar 1968, saboda haka akwai na farko-farko da ba su da shi.

Launi ma hujja yake bukata. Kamfanin Chrysler, mai Dodge, yakan fesa wa ɗakin inji launin jikin motar, saɓanin General Motors da Ford waɗanda suka fi yin baƙi. Wanda ya saba da haɗa Chevrolet ya zo ya baƙanta ɗakin injin Charger, ya yi kuskuren da masani zai gani tun daga nesa. Injin 440 Magnum na 1968 shuɗi-shuɗi ne mai ratsin kore, na 1969 kuwa ruwan lemo ne, kamar na Hemi. Murafun kan Hemi baƙaƙe ne masu kaushi. Ƙarƙashin motar kuma ba baƙi ƙirin ba ne kamar yadda takardar kwali takan ce. A masana'anta akan tsoma bodin cikin fentin shimfiɗa mai ruwan toka, sa'an nan in ana fesa launi a gefuna sai ɓurɓushinsa ya sauka a bakin ƙarƙashin, ya yi ta dusashewa zuwa tsakiya. Mai haɗi yakan kwaikwayi wannan ta hanyar fesa toka-toka tukuna, sa'an nan ya karkata mafeshi ya bar launin jiki ya ɗan taɓa gefuna.

Daga ina ake samun waɗannan hujjoji? Daga littafin gyara da kamfani ya buga wa makanikai, da takardun talla na dillalai, da katin launuka, da hotunan mujallun motoci na lokacin, da kuma motocin da suka tsira ba a taɓa sabunta su ba. Waɗannan na ƙarshe sun fi daraja a wurin mai bincike, ko da sun yi tsatsa. Motar da aka sabunta don gasar nuni takan fi yadda ta fito daga masana'anta kyau: fentinta ya fi sheƙi, ratar ƙofofinta ta fi daidaituwa, ƙarƙashinta fes. Wanda ya kwafi hotonta ya kwafi ra'ayin wanda ya gyara ta ne. Malaman da suka yi aiki da rubuce-rubucen hannu sun san irin wannan matsala, inda kwafin da ya fi tsabta da kyan rubutu yakan zama shi ne wanda mai kwafi ya fi sa wa hannu.

Akwai wata karkata kuma wadda ta fi wannan girma, ko da yake ba a cika maganarta ba. Charger ɗin 1969 da aka sa wa Hemi ba su kai dubu ɗaya ba, cikin dubun-dubatar da aka ƙera. Mafi yawansu da ƙananan injuna suka fito, 318 ko 383, har akwai masu silinda 6. Amma wanda ya zagaya teburan gasar kwatanci zai ɗauka kowace Charger Hemi ce da ita. A ra'ayinmu mai haɗin da ya zaɓi ya yi mota mai injin 318, koriya, da rufin leda da murafun taya na talaka, ya fi faɗin gaskiya game da titunan Amurka na 1969, kuma aikinsa ya fi wuya, don sai ya nemo gaɓoɓin daga wasu kwalaye. Wanda ya nace wa Hemi kuwa sai ya bi sharuɗɗanta: ba a sayar da ita da na'urar sanyaya ɗaki ba, kuma ƙafafunta masu inci 15 ne.

Fim ma ya yi nasa tasirin. Baƙar Charger ta 1968 ita ce ta yi tseren nan da Mustang ɗin Steve McQueen a titunan San Francisco cikin fim ɗin Bullitt. Ta 1969 kuwa ta yi suna ne a wasan talabijin The Dukes of Hazzard, daga 1979 zuwa 1985, mai ruwan lemo da lamba 01 a ƙofa, kuma an ragargaza fiye da 200 wajen ɗaukar shirin. MPC ya sayar da kwatancinta da yawan gaske. A kan rufinta akwai tutar yaƙin jihohin Kudu waɗanda suka yi tawaye don kare bauta, kuma a 2015, bayan kisan da aka yi wa baƙaƙen fata a wata majami'a a Charleston, kamfanin Warner Bros. ya daina ba da izinin yin kayan wasa masu ɗauke da tutar. Mai haɗin da ya tasa wannan mota a gaba yau sai ya zaɓa: ya sa tutar don haka motar take a shirin, ko ya bar rufin fayau don abin da tutar take nufi ga maƙwabcinsa.

Ɗakin inji

Kwali yakan ba da injin cikin gutsattsari kamar 20 ko fiye, amma ba ya ba da waya ko tiyo ko ɗaya, kuma su ne suke sa inji ya yi kama da mai tashi. Wayar fulogi ta gaske kaurinta kimanin milimita 7 ne, watau a kwatanci ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na milimita. Akan samo siririyar waya irin ta cikin kayan lantarki, a huda marabar wuta da ɗan mahuji mai kaurin allura, a dasa wayoyi 9, takwas na fulogi ɗaya na kwayil. A manyan injunan Chrysler marabar wutar tana gaba ne, a karkace, ba a baya ba kamar ta Chevrolet. A Hemi wayoyin sukan shiga ta tsakiyar murfin kan inji, domin fulogin yana tsakar ƙoƙon nan da muka ambata. A 440 kuwa ta gefe suke bi. Masu tsanani har tsarin tashin wuta suke bi, watau 1-8-4-3-6-5-7-2, da silindoji masu mara a ɓangaren direba, masu cika a ɗaya ɓangaren. Ba mai iya tantance wannan sai da tabarau mai ƙara girma, amma dai ana yi.

Bayan wayoyin fulogi sai tiyon lagireto na sama da na ƙasa, da tiyo biyu na ɗumama ɗaki, da wayoyin batir, da bututun mai zuwa kafireto, wanda a Hemi guda biyu ne a jere. Ana sayar da ƙananan gaɓoɓi na tagulla waɗanda aka zana da ruwan batir har suka yi siririn da roba ba ta iya yi, kamar maɗaurin tiyo da rubutun suna da ragar baki. A 'yan shekarun nan kuma na'urar da ke ɗab'in abu mai jiki ta sa mutum ɗaya a ɗakinsa yana iya fitar da kafireto wanda ya fi na kamfani ƙyau. Sai dai yawan kaya ba shi ne gwaninta ba. Waya ta gaske tana da nauyi, takan lanƙwasa ta kwanta. Ta kwatanci ba ta da shi, sai ta tsaya cirko-cirko kamar ƙafar gizo in ba a lallashe ta da hantsaki an kwantar da ita ba. Dalili kuwa shi ne nauyi ba ya raguwa gida 25, yana raguwa ne 25 sau 25 sau 25, watau gida 15,625. Motar da ta kai kilo 1,700 kwatancinta bai fi giram 110 ba in da za a bi lissafi.

Daidai na ido

Wannan rashin nauyi shi ya kawo mu ga kashi na uku. Motar gaske tana danne sifirin ɗinta, tana kuma ɗan baje tayarta a ƙasa. Kwatanci kuwa yakan tsaya a kan tsinin taya kamar mai sanɗa. Saboda haka akan goge ƙasan kowace taya kaɗan ta yi shafe, a kuma gyara tsayin ƙafafu har motar ta zauna yadda take zama a hoto. In aka auna da ma'auni, tayar da aka goge ta daina zama da'ira, ta saɓa wa zanen kamfani ke nan, amma ido sai a lokacin yake yarda da ita.

Haka kuma batun fenti. Wanda ya dubi kwatanci daga nisan santimita 40, daidai yake da wanda ya tsaya mita 10 daga motar gaske. Daga mita 10 ba a ganin ƙyalƙyalin da ke cikin fenti ɗaya-ɗaya, sai dai a ga launi mai zurfi. In aka fesa wa kwatanci ainihin fentin mota, misali shuɗin nan mai lamba B5 da Dodge ta yi a 1969, launin ya yi daidai da tarihi, amma ƙwayoyin ƙyalƙyalin sun ninka girman da ya kamata sau 25, sai motar ta fito kamar an barbaɗa mata gilashi. Dole a nemi fenti mai ƙwaya ƙanana ƙwarai, ko da launinsa ya ɗan kauce. Sheƙi ma haka. Akan shafa fentin shimfiɗa, a bi da launi sama-sama sau uku ko huɗu, a rufe da mai garai-garai, a bar shi ya bushe kwana da kwanaki, sa'an nan a goge da samfefa mai laushi, daga lamba 2,000 har zuwa 12,000, a ƙarasa da man gogewa. Masu gasa da yawa sukan kai shi har ya zama madubi. Mu dai muna ganin wannan ya wuce gona da iri, domin fentin masana'anta na 1969 bai taɓa yin irin wannan sheƙi ba, kuma kauri da sheƙin da suka yi yawa su suke mai da mota kamar alewa. Sa'an nan a tuna fenti mai zafi yana cin roba ya yamutsa ta in ba a yi shimfiɗa mai kyau ba, kuma jar roba takan huda farin fenti ta fito.

Gaɓoɓin da kamfani ya yi wa ruwan azurfa, kamar bamba da ƙafafu, sukan zo da ƙyalli mai yawa da kauri wanda ya cike zane. Da yawa sukan jiƙa su a ruwan bilic har rufin ya narke, su gyara layin mazubi, su sake fesa musu fenti mai kama da ƙarfe a kan baƙar shimfiɗa mai sheƙi. Siraran ƙarafan da suka kewaye gilashi kuwa da wata takardar ƙarfe mai gam a baya ake yin su, wadda aka fi sani da sunan Bare-Metal Foil. A manna ta, a murza da auduga, a bi gefen da sabuwar wuƙa ba tare da dannawa ba. Kuskure ɗaya a nan yana tsaga fentin da aka yi mako biyu ana wahala a kansa. Bakin motar, wanda a Charger yake ɓoye fitilun gaba a bayan ƙyamare, akan zuba masa tsinkakken baƙin fenti ya gangara cikin ramuka, a share saman, sai ragar ta yi zurfi kamar iska tana ratsa ta. Babu rami ko ɗaya a wurin, inuwa ce aka zana.

Cikin motar ba ya ɗaukar lokaci kamar waje, tun da ta taga kawai za a gan shi. Akan barbaɗa gari mai laushi a kan gam don ya zama darduma, a yi bel ɗin kujera da ƙyalle ko takarda, a manna hoton agogon gudu a ɗiga masa ɗigon fenti mai garai-garai a madadin gilashi. Wajen manna gilasai ba a amfani da gam mai kamawa nan take, don tururinsa yana sa su yin hazo fari. Farin gam irin na kafinta ya fi. Ratsin nan da ya kewaye ƙugun R/T ta baya takarda ce da ake jiƙawa a ruwa a zame ta a kan fenti, kuma sai fentin yana da santsi, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙarƙashi ta yi fari-fari.

Wanda ya sami tsohon kwali na ainihin shekarun 1960 yana da wata damuwa ta daban. Tayoyin lokacin da wata roba mai taushi aka yi su, kuma in suka daɗe a jingine da bodi ko gilashi a cikin kwali sukan narka wurin su bar tambari. Ko bayan an gama haɗi suna iya cin ƙafar da aka sa su a kai, shi ya sa akan raba su da takardar ƙarfe ko fenti. Takardun mannawa kuma sukan yi rawaya su farfashe da zarar sun taɓa ruwa. Ga kuma tambayar ko ya dace a haɗa shi ma sam, tun da kwalin da ba a buɗe ba ya zama kayan tarihi da kansa, kuma masu tara irinsa suna biyan kuɗi mai yawa a kansa.

Abu na ƙarshe da wasu suke ƙarawa shi ne wani ɗan allon ƙarfe da Chrysler yake ɗaurawa a ɗakin inji, ta ɓangaren direba. A kansa aka buga lambobin da suka faɗi launin motar, da injinta, da irin kujerunta, da ranar da aka tsara ƙera ta, kuma da shi masu bincike suke tabbatar da yadda kowace mota ta fito. Allon bai kai tafin hannu ba. A awon ɗaya bisa 25 bai fi milimita 3 ba, kuma akan yanka shi ne daga ragowar takardar ƙarfen da aka yi gefen gilashi da ita, a shafa masa launin jikin motar kamar yadda masana'anta take yi, a ɗan tsattsaga shi da bakin allura a madadin rubutu.